Kuluwa 'Yar Bushiya da Allon Masu Surutu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa ku buɗe kunnuwa.

Ta zo mu ji ta, ga mu mun matso.

A wani daji mai nisa an yi wata makarantar firamare ta 'ya'yan dabbobi, a gindin wata ƙatuwar tsamiya. Aji ɗaya ne, malami ɗaya. Malamin shi ne Malam Zalɓe, dogo siriri, mai dogon wuya. Ya san karatu, wannan ba wanda zai raina masa. Sai dai yana da wata al'ada. Kullum da hantsi, in an kusa fita tara, wato hutun da yara ke cin abin da suka zo da shi daga gida, sai ya tafi rafi ya ɗan kama kifi. In zai tafi sai ya miƙa wa monita allo da alli, ya ce, "Rubuta mini masu surutu."

In ya dawo ba ya tambayar kowa komai. Wanda sunansa ya hau allo, bulala uku. Wanda ya hau kwana uku a jere kuwa, ranar ta uku sai a yi masa bulalarsa, a rataya masa jakarsa, ya tafi gida ke nan, ba dawowa.

Monitan shi ne Jatau ɗan Dila. Yaro ne mai tsabta, rigarsa kullum a goge. Tun daga nesa in ya hango Malam zai zube ƙasa, ya ce, "Allah gafarta Malam, an kwana lafiya?" Sai Malam ya ji daɗi, ya ce wa sauran yara, "Ku yi koyi da Jatau."

A ajin nan akwai wata 'yar Bushiya, sunanta Kuluwa. Tana zaune da kakarta, Inna Tabawa, a wani rami a gindin suri. Kuluwa tana son karatu ƙwarai. In Malam ya yi tambaya, ita ce ta farko wajen ɗaga hannu, har tana ɗage don a gan ta. Kullum da safe kakarta takan zuba mata wani abu a ɗan kwano, yau ƙuli-ƙuli, gobe ɗanwake.

Wata rana Malam ya tafi rafi. Sai Jatau ya zo ya tsaya a kan Kuluwa, ya ce, "Ke, me ke cikin kwanon nan?"

Ta ce, "Ƙuli-ƙuli ne."

Ya ce, "Kawo."

Ta ce, "Kakata ce ta ba ni."

Ya ce, "Ni ma daga yau jikanta ne. Kawo."

Ta ce, "Ba zan bayar ba."

Bai dake ta ba, bai zage ta ba. Sai ya yi murmushi, ya ɗauki alli, ya yi rubutu a allo, ƙiii, ƙiii.

Malam ya dawo yana ƙarnin kifi. Ya dubi allo, ya ce, "Kuluwa, fito."

Ta ce, "Malam, wallahi ban..."

Ya ce, "Ga shi ma kina yi a gabana. Monita ba ya ƙarya. Kwanta."

Sai ya tsula mata tsumagiya uku.

Kashegari da Jatau ya ce kawo, sai ta miƙa. Jibi ma ta miƙa. Gata bai ma tambaya ba, ya ɗauka kawai. Ya sunkuyo ya ce mata a kunne, "In kika faɗa wa wani, kullum sai kin hau allo."

Ku kun san halin bushiya. In ta ji tsoro sai ta dunƙule, ta ɓoye fuska da hannuwa a ciki, ba a ganin komai sai ƙaya. To, da Jatau ya ga haka sai ya raɗa mata suna Ƙwallo. Da an fita tara sai ya samo sanda, ya riƙa mirgina ta daga wannan gefen fili zuwa wancan. Ya ce wa sauran, "Wanda bai yi dariya ba, allo." Sai kowa ya yi dariya.

Tun Kuluwa tana dunƙulewa lokacin tara kaɗai, har ta koma da ta shigo aji sai ta wuce lungu ta dunƙule, ba ta buɗewa sai an tashi. Ta daina ɗaga hannu. Ko kiran suna ta daina amsawa. In Malam ya ce, "Kuluwa!" sai ya miƙa wuya, ya hango ƙullin ƙaya a lungu, ya ce, "Ta zo," ya wuce na gaba.

Ita kuwa Inna Tabawa tsohuwa ce mai lura. Ta ga yarinya ta tafi da kwano cike, ta dawo da shi a suɗe, amma ta faɗa wa tuwo kamar wadda ta kwana biyu ba ta ci ba. Sai ta ce, "Ƙawata, wannan yunwa fa?"

Kuluwa ta ce, "Wasa na yi da yawa, Kaka."

Aka kwana biyu. Sai ta ga ƙayoyin bayanta sun kakkarye, ga ƙasa ta cika tsakaninsu. Ta ce, "Ƙawata, wannan fa?"

Ta ce, "Faɗuwa na yi, Kaka."

Aka ƙara kwana biyu. Sai ga ciwon ciki kowace safiya. A ba ta jiƙo, ta sha, ta tafi tana jan ƙafa. Amma ran Asabar da Lahadi cikinta lafiya lau. Tsohuwa ta ce a ranta, "Wannan ciwon ya san ranakun mako." Ta ƙara sa ido.

Ana nan, wata rana Inna Tabawa ta samu fara, ta soya da yaji, ta zuba wa jikarta. Jatau ya ci, ya lashe baki, ya ce, "Daga yau ita za ki riƙa kawowa." Fara kuwa lokacinta ya wuce, ko ɗaya ba a samu a dajin. Ran Litinin Kuluwa ta zo da ɗanwake. Ya cinye, ya kuma rubuta ta. Bulala uku. Ran Talata ta zo da ƙuli-ƙuli. Ya cinye, ya rubuta ta. Bulala uku. Da aka tashi ya tare ta a hanya, ya ce, "Ƙwallo, biyu ke nan. Gobe in ba fara, kin san sauran."

Ta iso gida da azahar, ta ajiye jaka, ta ce, "Kaka, na fasa karatu. Ki koya mini suyar ƙuli-ƙuli."

Muciya ta suɓuce daga hannun tsohuwa. Ta ce, "Ke? Ke da ko barci kike yi sai an zare littafi daga hannunki?"

Ba ta ƙara tambaya ba. Sai ta ɗauko man kaɗe, ta ce, "Zo in shafa miki." Ta zaunar da ita, tana buɗa ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Sai ga shatin bulala, sabo a kan tsoho. Hannun tsohuwa ya tsaya cak. Sa'an nan ta ce a hankali, "Kuluwa, ba zan yi miki faɗa ba. Ko mene ne, ba ke kika jawo shi ba. Ni kakarki ce, kunnena naki ne."

Sai yarinya ta fashe da kuka, ta faɗi komai, tun daga ƙuli-ƙulin farko har zuwa maganar fara.

Inna Tabawa ta ce, "La'ilaha illallahu! Duk wannan kina ɗauke da shi ke kaɗai?" Ta yafa gyale, ta nufi rafi tun kafin la'asar ta yi sanyi.

Ta tarar da Malam Zalɓe tsaye cikin ruwa da ƙafa ɗaya. Suka gaisa. Ta ce, "Malam, ƙarar monitanka na kawo." Ta zayyana masa duka.

Malam ya yi dariya har wuyansa na rawa. Ya ce, "Jatau? Haba Inna! Yaron da ko ido ba ya haɗawa da ni? Jikarki ce dai ta lalace da surutu. Kwana biyu ke nan a jere. Ki ja mata kunne, don in ta cika na uku, doka ba ta san jikar kowa ba."

Ta ce, "Yarinyar da ba ta amsa ko sunanta, ita ce mai surutu?"

Ya ce, "A gabana ne take shiru. Da na ba da baya sai ta buɗe baki. Ai ga allo."

Ta ce, "Malam, yaushe rabonka da ganin fuskarta?"

Ya ce, "Kullum ina ganinta." Ya tsoma baki a ruwa, ya cafko kifi.

Tsohuwa ta ce, "To, madalla." Ta juya.

Ran Laraba da sassafe ta ce wa Kuluwa, "Ba ni ɗankwalinki na makaranta, da jaka, da kwano. Ki zauna a gida. Yau ni ce 'yar aji."

Kuluwa ta zaro ido, ta ce, "Kaka, za su mirgina ki!"

Ta ce, "Su mirgina. Ina so in ji da jikina."

Ta riga kowa zuwa gindin tsamiya. Ta wuce lungu, ta ajiye kwano, ta dunƙule. Bushiya kuwa in ta dunƙule, ba mai iya bambance tsohuwa da yarinya. Yara suka hallara. Malam ya buɗe rajista, ya ce, "Kuluwa!" Ya miƙa wuya, ya ce, "Ta zo."

Hantsi ya yi, Malam ya miƙa allo ya tafi rafi. Tsohuwa tana ciki tana saurare. Sai ta ji Jatau yana bin yara ɗaya bayan ɗaya. "Nomau ɗan Kurege, gyaɗarka. Lanti 'yar Zomo, fensirinki. Kai Kunkuru, miƙo rogon nan, kada ka ɓata mini lokaci." Kowa ya miƙa nasa.

Ya iso lungu, ya buɗe kwano, ya ce, "Ƙwallo, ina fara?"

Shiru.

Ya ce, "Au, yau kuma kurma kika zama?" Ya cinye ƙuli-ƙulin tas. Ya ɗauko sanda, ya mirgina ta waje. Ya kai ta gabas, ya dawo da ita yamma, ya buga ta da saiwar tsamiya. Ƙasusuwan tsohuwa suna ƙara, ta cije. Ta ji yara suna dariya, amma dariya ce busasshiya, wasu muryarsu har rawa take yi. Da ya gaji ya mayar da ita lungu. Sai ta ji ƙiii, ƙiii.

Malam ya dawo, ya dubi allo, ya girgiza kai. Ya ce, "Kuluwa kuma? Jiya-jiyan nan na gargaɗi kakarki. To, uku ta cika. Fito."

Ƙullin ƙaya bai motsa ba.

Ya ce, "Jatau, kawo mini ita."

Jatau ya ce, "To, Allah gafarta Malam." Ya turo ta gaban aji a hankali, kamar mai tausayi.

Malam ya ɗaga tsumagiya. Tsut, ɗaya. Ya sake ɗagawa. Tsut, biyu. Ya ɗaga zai yi ta uku, sai ƙullin ƙaya ya fara warwarewa. Hannu ya fito, duk tamoji. Ɗankwali ya zame, sai ga furfura fara fat. Sai ga fuskar tsohuwa, haƙora jajur da goro, tana kallonsa ido cikin ido.

Ta ce, "Cika ta ukun, Malam. Kada ka rage mini."

Tsumagiya ta faɗi ƙasa. Malam ya ja da baya, dogayen ƙafafunsa suka harɗe, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Inna! Ke ce?"

Lanti ta ƙwalla ƙara. Ɗan Kunkuru ya shige cikin ƙoƙonsa. Alli ya karye a hannun Jatau. Sa'an nan wuri ya yi tsit, har ana jin faɗuwar ganyen tsamiya.

Malam ya ce, "Na daki tsohuwa. Ni na daki tsohuwa! Inna, ranar sunana ke kika dama kunu. Ina zan sa kaina?"

Ta ce, "Biyu ka yi mini, duk jikinka ya mutu. Ita nawa ka yi mata? Tun safe nake a lungun can. Ka kira suna, ka dube ni, ka ce na zo. Kai da ka ce kullum kana ganinta. Kalma ɗaya ban furta ba tun da na shigo. Karanta mini abin da ke allon nan."

Malam ya karanta da ƙyar, "Masu surutu. Kuluwa."

Ta juya wajen yara, ta ce, "Jikokina, wa ya ji na yi surutu?"

Ta lura duk idanunsu suna kan allon. Sai ta miƙa hannu ta karɓe shi, ta goge da ɗankwali, ta ajiye a ƙasa, ta zauna a kai. Ta ce, "To, ga shi a ƙarƙashina. Yanzu ku yi magana."

Sai Nomau ɗan Kurege ya miƙe, ya ce, "Malam, tun da aka dawo hutu ban ci gyaɗata ba ko sau ɗaya."

Lanti ta ce, "Fensirina uku ya karɓe. Na ce wa innata na yar, ita ma ta dake ni."

Ɗan Kunkuru ya leƙo da kai, ya ce, "Ni yakan kifar da ni ta baya ya bar ni a rana. Kuma dariyar da muke yi wa Kuluwa, wallahi dole yake sa mu."

Haka suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya, har ba wanda ya rage a zaune. Malam yana ji yana salati. Can sai ransa ya ɓaci, ya wawuri tsumagiya, ya yi kan Jatau, ya ce, "Yau sai na fasa maka jiki, munafuki!"

Inna Tabawa ta ce, "Ajiye."

Ya ce, "Inna, ki bar ni da shi!"

Ta ce, "Na ce ajiye. Da me yake tsorata su tun farko, in ba da ita ba? Shi rubutu kawai yake yi. Dukan kai kake yi masa."

Malam ya saki tsumagiya. Ya zauna daɓas a kan saiwa.

Tsohuwa ta kira Jatau, ta ce, "Zo nan, ɗan nan. Abin da ka yi zalunci ne, ba wasa ba ne, kuma za ka amsa shi. Amma faɗa mini, a ina ka koyo?"

Jatau ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan gogaggiyar rigarsa. Ya ce, "Shekarar da aka sa ni makaranta ɗan Kura ne monita. Kullum shi yake cinye abincina. Ranar da na hana shi ya rubuta ni, Malam ya zane ni. Da aka ba ni allo, sai na ɗauka nawa lokacin ne ya zo."

Malam ya dafe kai da fikafikai biyu. Ya ce, "Ɗan Kura? Wanda na ba kyautar ladabi ranar da ya gama? Shekara nawa ke nan ana wannan a gindin tsamiyar nan, ni ina rafi?"



Nan take ya sauke Jatau daga monita, ya aika a kira ubansa Dila. A gaban uban, Jatau ya bi yara ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin abin da ya yi wa kowa da bakinsa, yana neman gafara. Aka ce ya mayar da fensiran Lanti, a kuma dawo da mazauninsa gaban Malam, inda ido zai riƙa kai masa. Malam ya ce daga ranar kifi sai bayan an tashi, kuma ba wanda za a sake hukuntawa sai an ji ta bakinsa. Ya ce wa yara, "Wanda aka taɓa, ko ya ga an taɓa wani, ya zo ya faɗa mini. Wannan ba gulma ba ce."

Sa'an nan ya ce, "Inna, gobe sai ki turo Kuluwa."

Ta ce, "Ba zan turo ta ba. Ta ce mini ta fasa karatu, kuma ba ni na sa ta fasa ba. In kana son ɗalibarka, ka san hanyar gidanmu."

Da aka tashi, Malam Zalɓe ya bi tsohuwa har gindin suri. Ƙofar ramin ba ta kai ko gwiwarsa ba. Sai ya naɗe dogayen ƙafafunsa, ya kwantar da wuya, har bakinsa ya taɓa ƙasa. Masu wucewa suka tsaya suna kallo, baki buɗe.

Ya ce, "Kuluwa."

Shiru.

Ya ce, "Kuluwa, Malam ne."

Shiru.

Ya ce, "Kuluwa, bulala tara na yi miki, ba ki yi laifin ko ɗaya ba. Kin so ki faɗa mini, na hana ki. Na zalunce ki. Ki yafe mini."

Aka daɗe. Can sai ga ɗan hanci ya leƙo, sa'an nan idanu biyu, sun kumbura don kuka. Malam ya ga yadda ta rame.

Ta ce, "Jatau yana nan?"

Ya ce, "Yana nan. Amma ba shi ne monita ba, kuma ni ba na fita daga aji."

Ta ce, "In wani ya ce na yi laifi, za ka tambaye ni?"

Ya ce, "Zan tambaye ki."

Ta ce, "Ko da wanda ya iya gaisuwa ne?"

Ya ce, "Ko da wane ne."

Ta dubi kakarta. Tsohuwa tana murza bayanta inda bulala ta sauka. Sai Kuluwa ta fito gaba ɗaya, ta tsaya a gaban Malam, ta ce, "To, yau wane shafi kuka kai? Kada gobe in zo an wuce ni."

To, yara, kun ji. Wanda aka cuce shi kada ya dunƙule ya yi shiru. Ya faɗa wa babba, in wannan bai ji ba ya faɗa wa wani. Wanda ya ga ana cutar ɗan'uwansa kada ya taya da dariya. Mu manya kuma, in yaro mai fara'a ya koma shiru, ko abincinsa ya ƙare amma yunwa ba ta bar shi ba, mu zauna mu dubi fuskarsa, mu saurare shi kafin mu ɗaga hannu.

Ƙurunƙus kan ɗan tsako. Ta ƙare a nan, wanda ya ji ya kai wa wanda bai ji ba.